Sharhi: Me ya sa 'yan Najeriya ke girmama tsofaffi amma suke gudun tsufa?

A watan Yunin 2025, Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta ba da shawarar a yi wa alƙalai tara na jihar Imo ritayar dole, bayan ta same su da sauya ranakun haihuwarsu a takardun aiki domin su tsawaita zamansu a kan kujera. Watanni bakwai kafin nan, a Nuwamban 2024, majalisar ta ɗauki irin wannan mataki a kan babban alƙalin jihar ta Imo da kuma shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jihar Yobe, bisa dalili ɗaya. A ƙarshen Janairun 2025 ma, Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta umarci duk manyan jami'an da suka haura shekara 60 da haihuwa, ko suka zarce shekara 35 a bakin aiki, da su ajiye kaki nan take.

Abin da ya sa waɗannan labarai suka ja hankali shi ne darajar mutanen da abin ya shafa, amma ɗabi'ar kanta tsohuwa ce, kuma ta game ma'aikatu daga sama har ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati ya san maganar shekarun gida da shekarun ofis. Idan har alƙali, wanda tun watan Yunin 2023 tsarin mulki ya ba shi damar zama har ya cika shekara 70, zai ga bai ƙoshi ba, to ina ga akawu ko masinja da doka ta ce ya tafi yana ɗan 60?

Rage shekaru laifi ne, kuma ya dace a hukunta mai yin sa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Ɗabi'ar da ta yaɗu haka tana nuni da wani abu game da yadda al'umma ke kallon tsufa, da kuma abin da ɗan ƙasa ke hangen zai tarar idan ƙarfinsa ya ƙare.

Girma a baki, fargaba a zuci

Babu wata al'umma a Najeriya da ba ta ɗaukaka tsoho a harshenta. Bahaushe ya ciro kalmar dattako, wadda ke nufin kamala da riƙon gaskiya, daga tushe ɗaya da dattijo, kuma ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Bayarabe na kwanciya ƙasa ya gai da na gaba da shi, a ƙasar Ibo kuwa majalisar dattawa ce ke sasanta rikicin gona da na aure. Musulunci da Kiristanci duk sun wajabta kyautata wa iyaye, musamman idan girma ya cim musu.

Amma a rayuwar yau da kullum, abin da ido ke gani ya sha bamban da abin da baki ke faɗa. Magidanci na shafa baƙin rini a kan furfurarsa kafin ya je neman aiki ko kwangila. Mace na ɓoye cewa al'adarta ta ɗauke, don gudun kada a ce ta tsufa. Dattijo na ƙin riƙe sanda ko sa tabarau a bainar jama'a, ko da kuwa yana tuntuɓe. Ana kiran mutum Baba ko Mama a ba shi kujera a wurin biki, amma idan ya nemi aiki ko rancen banki, shekarun nan da aka girmama su ne za su rufe masa ƙofa.

Wannan matsala ba ta tsaya ga Najeriya ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Maris na 2021 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin kowane biyu a duniya na da ra'ayin nuna bambanci ga tsofaffi. Abin da ya keɓanta da ƙasar nan shi ne yadda tsarin aiki da na fansho ke ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi, har ya mai da shekaru abin ɓoyewa tun daga ƙuruciya.

Ƙaryar da ake farawa tun ana matashi

Galibin masu rage shekaru ba daf da ritaya suke fara yi ba. Dokar Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima ta cire duk wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammala karatu daga shiga shirin. Bankuna da kamfanoni da dama na gindaya sharaɗin cewa mai neman aiki kada ya wuce shekara ashirin da 'yan kai. A gefe guda kuma, ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnati ya yi asarar kusan wata tara a yajin aikin malamai na 2020, da wasu wata takwas a na 2022, ban da shekarun da ya ɓata yana neman gurbin karatu. Matashin da ya fito yana ɗan 29 ya tarar ana neman ɗan 26, sai ya nufi kotu ya yi takardar rantsuwar shekaru. Ƙaryar da ya shiga aiki da ita, da ita zai tsufa.

Raunin rajistar haihuwa ya sauƙaƙa lamarin. Da yawa daga cikin waɗanda ke ritaya a yau an haife su ne a gida, a ƙauyukan da babu mai rubuta ranar haihuwa. Iyaye kan ƙiyasta ne da wani abin tarihi: shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, wato 1972, ko shekarar da naira ta maye gurbin fam, wato 1973, ko shekarar babban fari. Ko a 2018, Binciken Alƙaluman Jama'a da Lafiya na Ƙasa ya gano cewa kashi 43 cikin 100 ne kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Inda babu takardar asali, shekaru kan zama abin ciniki. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da tsarin biyan albashi na bai-ɗaya na IPPIS sun fara toshe wannan kafa, domin yanzu sauya ranar haihuwa a wuri guda kan tona asiri a wani wurin.

Abin da ke jiran mai ritaya

Dokokin aikin gwamnati sun ce ma'aikaci zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, duk wanda ya riga zuwa. Amma a 'yan shekarun nan rukuni-rukuni na ma'aikata sun yi ta neman a ɗaga musu wannan iyaka. Farfesoshin jami'a sun samu shekara 70 a 2012. Malaman firamare da sakandare sun samu shekara 65 ko 40 a aiki ta hanyar dokar da aka sa wa hannu a 2022. Hujjar da ake kafawa ita ce ƙarancin ƙwararru, kuma hujja ce mai ƙarfi, domin da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai a bayan wannan hujja akwai wata da ba a cika furtawa ba: ma'aikaci ya ga abin da ya sami waɗanda suka riga shi fita.

Tun 2004 Najeriya ta koma tsarin fansho na karo-karo, wanda aka yi wa garambawul a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba kashi 10. Tsarin ya magance wasu cututtukan tsohon tsari, wanda a ƙarƙashinsa aka sha ganin tsofaffi na yanke jiki su faɗi a layin tantancewa, kuma aka yi badaƙalar da ta kai ga ɗaure tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, Abdulrasheed Maina, shekara takwas a watan Nuwamban 2021. Duk da haka, ma'aikatan tarayya da dama sun yi ta jiran watanni bayan ritaya kafin a biya su haƙƙoƙinsu na shekarun da suka yi kafin sabon tsari, lamarin da ya sa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a watan Fabrairun 2025 a ciwo bashin naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho. A watan Yulin wannan shekarar, tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su daga tsarin baki ɗaya, suna kukan cewa abin da ake ba su a wata ba ya riƙe gida. Jihohi da yawa kuwa har yanzu ba su aiwatar da tsarin yadda ya kamata ba, kuma bashin garatuti na shekaru ya taru a kansu.

Hauhawar farashi ta ƙara dagula lissafi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024, a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mai aiki na iya yajin aiki ya nemi ƙari, kamar yadda aka yi har mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024. Ɗan fansho ba shi da wannan makami. Sashe na 173 na tsarin mulki ya tanadi a riƙa duba fanshon ma'aikatan tarayya duk bayan shekara biyar ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi, amma ƙungiyoyin 'yan fansho sun daɗe suna ƙorafin cewa ba a cika bin wannan tanadi a kan kari ba.

Abin da ya fi ci wa jama'a tuwo a ƙwarya shi ne dokokin da wasu jihohi suka yi na ba tsofaffin gwamnoni gidaje da motoci da kuɗaɗen wata-wata bayan shekara huɗu ko takwas a mulki. Majalisar dokokin Zamfara ta soke tata a Nuwamban 2019 bayan kukan jama'a, wasu jihohi ma suka bi sahu. Malamin da ya yi shekara 35 yana riƙe da alli, ya ga wannan bambanci, da wuya a shawo kansa cewa ritaya hutu ce.

Mafi rinjaye ba su ma da fansho

Duk wannan magana ta shafi 'yan tsiraru ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna sana'o'in da ba na ofis ba ne: manoma, makiyaya, 'yan kasuwa, direbobi, teloli, masu sayar da abinci. Asusun fansho da aka buɗe a ƙarƙashin hukumar PenCom bai wuce miliyan goma da 'yan kai ba, a ƙasar da yawan jama'arta ya haura miliyan 200. An ƙaddamar da shirin ƙaramin fansho don masu sana'ar hannu a watan Maris na 2019, amma masu shiga ba su taka kara sun karya ba.

Ga waɗannan, 'ya'ya su ne fansho. Tsarin ya yi aiki shekara da shekaru, lokacin da gandu ke haɗa uba da 'ya'ya da jikoki a gona ɗaya da tukunya ɗaya. Yanzu gandu ya watse. 'Ya'ya sun tafi Legas, Fatakwal, Abuja ko ƙasashen waje, kuma da yawansu da kyar suke ciyar da nasu iyalin. Rikicin Boko Haram a arewa maso gabas da hare-haren 'yan bindiga a arewa maso yamma da tsakiyar ƙasa sun raba tsofaffi da gonakinsu, wasu ma sun bar musu marayun jikoki su rena a lokacin da su kansu ke bukatar mai kula da su.

Akwai kuma kuskuren fahimta da ke sa a yi sakaci. Idan aka ji cewa matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, sai a ɗauka tsofaffi ba su da yawa. Yawan mutuwar ƙananan yara ne ke jawo wannan adadi ƙasa. Wanda ya kai shekara 60 yana iya sa ran ƙarin fiye da shekara goma a duniya. 'Yan shekara 60 zuwa sama kimanin kashi 5 cikin 100 ne na jama'a, wanda ke nufin mutum sama da miliyan goma, adadin da ya zarce yawan al'ummar wasu ƙasashen Afirka ɗungurungum. Ɗimbin matasan da ake alfahari da su a yau kuma su ne tsofaffin gobe.

Kurakurai biyu game da lafiya

A fannin lafiya, rashin karɓar tsufa na da fuska biyu, kuma kowace na cutarwa. Ta farko ita ce musu: mutum ya ƙi auna hawan jini ko suga don kada a ce masa ya fara tsufa, ya ci gaba da aikin ƙarfi da cimar da jikinsa ya daina ɗauka, har sai shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi. Ta biyu ita ce sallamawa: duk abin da ya sami dattijo a ce ai tsufa ne, a bar shi a ɗaki.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya kauce mata ko magance ta. Yanar ido ce kan gaba, alhali aikin cire ta ba ya ɗaukar awa guda. Dubban tsofaffi na zaune cikin duhu saboda an ɗauki cuta mai magani a matsayin ƙaddarar shekaru. Haka nan abin da ake kira gigin tsufa: sau da yawa ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke bukatar likita da haƙuri, amma a wasu sassan ƙasar nan tsohuwar da ta ruɗe ta ɓata hanya kan fuskanci zargin maita, har a kai ga duka ko kisa.

Karɓar tsufa na gaskiya yana tsakanin waɗannan biyu. Mutum ya yarda cewa gani da ji da gwiwa za su sauya, ya sa tabarau, ya riƙe sanda, ya rage gishiri, ya riƙa tattaki, sannan ya nemi magani ga abin da ke da magani. Wani bincike da Becca Levy ta Jami'ar Yale a Amurka da abokan aikinta suka wallafa a 2002, wanda ya bi rayuwar mutum 660 a jihar Ohio, ya gano cewa masu kallon tsufansu da kyakkyawar fuska sun rayu kimanin shekara bakwai da rabi fiye da masu kallonsa a matsayin masifa. Sai dai asibitocin da suka ƙware a kula da tsofaffi ba su da yawa a Najeriya. Cibiyar farko irin wannan an buɗe ta ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 2012, kuma har yau likitocin wannan fanni ƙalilan ne.

Darasi daga masu mulki

Yadda shugabanni ke ɗaukar shekarunsu na tasiri a kan yadda talakawa ke ɗaukar nasu. A watan Yunin 2015, jim kaɗan bayan hawansa mulki, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya shaida wa 'yan Najeriya mazauna Afirka ta Kudu cewa ya so a ce ya samu shugabancin yana da sauran ƙuruciya, domin a shekara 72 akwai iyakar abin da zai iya yi. Irin wannan furuci ba kasafai ake jin sa daga bakin ɗan siyasa ba. Shi ne kuma ya sa hannu a ranar 31 ga Mayun 2018 kan gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25.

A wasu wurare an ga masu iko sun sauka da kansu: Nelson Mandela ya bar mulki a 1999 bayan wa'adi ɗaya, Fafaroma Benedict na 16 ya yi murabus a 2013 yana ɗan 85 bisa dalilin raunin jiki, Joe Biden kuma ya janye daga takara a Yulin 2024 yana ɗan 81, bayan matsin lamba daga jam'iyyarsa. A maƙwabciyarmu Kamaru kuwa, Paul Biya ya sake tsayawa zaɓe a Oktoban 2025 yana ɗan 92. Shekaru kaɗai ba sa nuna cancanta ko rashinta, amma duk kujerar da aka ƙi saki, a fadar gwamnati ko a ƙaramin ofis, akwai matashin da ke tsufa a layi yana jiranta.

Abin da ya rage a yi

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Sashe na 16 na tsarin mulki ya lissafa kula da tsofaffi da fansho cikin manufofin da gwamnati za ta sa a gaba, ko da yake yana cikin babin da ba a iya kai ƙara kotu a kansa. An sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Janairun 2018, Majalisar Zartarwa ta amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa a Fabrairun 2021, cibiyar kuma ta fara aiki a wannan shekarar. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da za a kafa wa asusu na musamman. Abin da ya rage shi ne kuɗi da aiwatarwa, musamman a jihohi da ƙananan hukumomi, inda tsofaffin suke zaune.

Akwai misalan da za a duba. Jihar Ekiti ta fara biyan tsofaffi marasa galihu 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata a 2011. Lesotho, wadda tattalin arzikinta bai kai na wasu jihohin Najeriya ba, ta fara biyan 'yan shekara 70 zuwa sama fanshon tsufa tun 2004, Kenya kuma ta bi sahu a 2018. Darasin da ke ciki shi ne a kafa irin wannan tallafi da doka da kasafi na dindindin, don kada ya mutu da sauyin gwamnati.

Matakai huɗu sun fi gaggawa: biyan ɗan fansho haƙƙinsa a watan da ya bar aiki, shigar da duk wanda ya haura shekara 65 cikin inshorar lafiya, tare da gwajin ido da hawan jini da suga a asibitocin matakin farko, hana sharaɗin shekaru maras dalili a tallan ɗaukar aiki, da yi wa kowane jariri rajistar haihuwa. Ga ɗaiɗaikun mutane kuwa, tun ran gini ran zane: tanadi, sana'ar da za a koma wa, da zumuncin da za a jingina da shi, duk tun ana da ƙarfi ake shirya su. Malaman addini da sarakuna na da rawar takawa wajen kare tsofaffi daga zargin maita da wulaƙanci.

Rana ba ta ƙarya, in ji masu iya magana. Ana iya sauya lamba a fayil, a rina gashi, a ɓoye sanda, amma jiki na riƙe da nasa lissafin. Hukunci zai iya tsorata mai niyyar rage shekaru, sai dai ɗabi'ar za ta ci gaba da neman wata kafa muddin ma'aikaci na kallon takardar ritaya a matsayin sammacin talauci. Ranar da ɗan Najeriya ya tabbata cewa abincinsa da maganinsa da mutuncinsa ba za su yanke ba idan ya cika shekara 60, ba zai ga dalilin ɓoye furfurarsa ba.